Anko da Allurar Wata-wata

Ni tela ce, kuma rabin abincin gidana daga anko yake fitowa. Shagona yana Sabon Tasha, kusa da layin masu kayan miya, gidanmu kuma a Unguwar Boro. Duk wanda ya zauna a wannan ɓangaren na Kaduna ya san ba a taro sai da anko: aure, suna, godiya a coci, zumuntar mata, har jana'iza. A zaɓi atamfa ɗaya, dangi da ƙawaye kowa ya saya ya kai ɗinki, ranar taro a fito iri ɗaya. Na ɗinka anko har akwai lokacin da nake rufe ido in ga fure ɗaya yana ta maimaita kansa. Amma ban taɓa zaton anko ne zai fahimtar da ni ciwon 'yata ba.

'Yar tawa ita ce babba cikin yarana, kuma tun tana firamare zuciyarta ta samu rauni. Abin da ya tsare ta har yau allura ce, ana yi mata sau ɗaya kowane wata. In ta ci gaba da karɓa, zuciyar za ta zauna yadda take, ta kai ta tsufa da yardar Allah. In ta bari, ciwon yana iya dawowa, kuma duk dawowar da zai yi sai ya ƙara cin wurin da ya riga ya ci. Da wannan na yi shekaru ina kwana ina tashi. Sai dai dole in fara da bikin ƙanwata, don in ba da shi ba sauran labarin ba zai shiga ba.

Atamfar bikin ni na zaɓe ta, shuɗiya mai furen rawaya, a wurin wata Hajiya 'yar Tudun Wada da nake saro kaya wurinta tun ina koyon ɗinki. Mutuniyar kirki ce, amma 'yar kasuwa ce. Da muka ɗebi namu ta ci gaba da sayar da ragowar, kuma ba zan ga laifinta ba, ai ba don mu kaɗai aka buga atamfar ba. To akwai wasu mata a garin nan da aikinsu ke nan. Su ji labarin biki, su gano ankon, su sayi ɗan yadi su ɗinka riga da ɗankwali, su shige cikin taro da manyan jakunkuna. Kafin dangi su gama gaisawa, shinkafa da nama sun koma cikin jaka.

Saboda irinsu muka sa yayana a bakin ƙofa. Yarana Kawu suke ce masa, kuma tsohon soja ne. Ya yi ritaya tuntuni, amma ba wanda ya gaya wa ƙafafunsa, har yau tafiyar fareti yake yi zuwa coci. Dokar da muka ba shi mai sauƙi ce: mai anko ya wuce, marar anko ya tsaya sai an zo an shaida shi. Kawu ya sha mur ya tsaya, mutane suka yi ta shiga lafiya lau.

Ana cikin rabon abinci aka kama wasu mata a can baya, sanye da ankonmu tsaf, suna ɗura dafa-duka a leda. Ba dangin amarya ba ne, ba na ango ba. Da labari ya kai wa Kawu, sai ya ji kamar shi aka ci wa mutunci, tunda ta gabansa suka wuce har yana yi musu sannu da zuwa. Ya tasa ƙeyarsu har bakin titi, ya dawo yana huci. Daga nan ya juya dokar da kansa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Yanzu duk mai shuɗiyar atamfa da jaka a hannu, in bai san fuskarta ba, ɓarauniya ce.

Ana haka sai ga wata tsohuwa ta sauko daga keke napep, da ankonta da ni na ɗinka da hannuna na aika mata ƙauye, da ƙatuwar jaka a kai. Goggon ango ce, ita ta raine shi tun uwarsa ta rasu. Motarsu ce ta lalace a hanya, shi ya sa ta makara, jakar kuma acca ce da gauta ta kawo wa amarya. Kawu bai ko bari ta buɗe baki ba. Ya ce ta juya. Ta ce ita uwar ango ce. Ya ce waɗancan ma haka suka ce. Tsohuwa ta ɗauki jakarta ta tsallaka titi, ta zauna a gindin mangwaro ta yi tagumi.

Ango ne ya ƙi yanka kek sai ya ga goggonsa, aka bazama nema. Ni na gan ta. Abin da ya biyo baya har yau in dangi suka taru sai an maimaita shi: Kawu, ƙato da shi, durƙushe a gefen titi da babbar riga, yana ba tsohuwa haƙuri, ita kuma tana cin gautarta ko kallonsa ba ta yi. Tun daga ranar ba ta sake kiransa da komai ba sai Mai Gadi. Mu ma duk muka koma kiranta Goggo.

Daminar da ta biyo baya 'yata ta yi ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, irin wanda kowane yaro a layinmu yake yi in ruwa ya sauka. Ta sha ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, bayan 'yan kwanaki ta warke ta koma makaranta, muka manta. Sai bayan wasu makonni gwiwarta ta kumbura, ta yi zafi har ba ta son zane ya taɓa ta. Kafin mu gama jinyar gwiwa ciwon ya bar nan ya koma idon sawu, daga nan ya haura wuyan hannu. Maƙwabta kowa da nasa. Wata ta ce sanyin ƙashi ne, wata ta ce a duba ko sikila ce, wata kuma ta ja ni gefe ta ce ciwon da yake yawo haka ba na asibiti ba ne, in binciki abokan sana'ata. Na gode wa kowa. Amma ranar da na ga yarinyar ta taso daga bakin ƙofa zuwa ɗaki tana haki, ta dafa bango, na san abin ya wuce jinyar gida. Washegari ni da babanta muka tsallaka gada da ita zuwa babban asibiti.

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe yana ji, ya tura mu ɗaukar jini da hoton zuciya. Da muka dawo da sakamako ya duba, sai ya ɗago ya ce, "Madam, yarinyar nan ta yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?"

Raina ya ɗan ɓaci. Na kawo masa zuciya yana tambayata maƙogwaro. Na ce, "Ta yi, Likita, amma ai wannan ya wuce tuntuni."

Ya ce, "Shi ya wuce, amma ya bar baya da ƙura."

Ya ja kujerarsa kusa ya yi mana bayani. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da take kawo wani irin ciwon maƙogwaro, ba kowane ciwon maƙogwaro ba. Jikin mutum kuma yana da masu tsaronsa, su ake kira garkuwar jiki, kuma su ba fuska suke ganewa ba, alama suke bi. Ya ce ƙwayar cutar da naman jikinmu duk da abu iri ɗaya aka gina su, ana ce masa furotin, kowanne da yadda aka jera nasa. To a jikin ƙwayar nan akwai ɗan guntun jeri da ya yi kama da wani jeri da yake a gaɓoɓin mutum da 'yan ƙofofin da suke buɗewa su rufe a cikin zuciya. Masu tsaron jikin 'yata sun yaƙi cutar sun kore ta, sai suka juya suka ga wannan alamar a zuciyarta, suka far mata. Gaɓoɓin za su warke sarai, in ji shi, amma ƙofa ɗaya a zuciyar ta ji rauni, ba ta rufuwa daidai.

Baban yara yana ta gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba. Ni kuwa gindin mangwaron nan kawai nake gani. Na ce, "Likita, kana nufin ƙwayar cutar ankonmu ta saka?"

Ya dube ni. Sai na ba shi labarin Kawu da Goggo a taƙaice, ni da nake ta kuka tun safe. Dattijon ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido.

Ya ce, "Kusan haka ne. Sai dai ba duka atamfar ba ce ta zo ɗaya, fure ɗaya ne kawai ya yi kama. Kuma ƙwayoyin cuta da yawa suna da irin wannan kamanni da mu, amma a jikin yawancin mutane mai gadin ba ya rikicewa. Abin da ya sa na wani yake rikicewa na wani bai rikice ba, ba mu gama sani ba, ana kan bincike."

Na ce, "To yanzu me za a yi wa mai gadin?"

Ya ce, "Ba a korarsa, in babu shi babu rai. Abin yi shi ne kada a sake barin baƙin nan su zo bakin ƙofa. In bai gan su ba, ba zai tashi ba."

Maganin da zai hana su zuwa shi ne allurar. Ya gaya mana gaskiya, ba za ta gyara ƙofar da ta ji rauni ba, hana ƙari kawai za ta yi, kuma shekaru za a yi ana yinta, wataƙila har 'yata ta haifi nata 'ya'yan. Na fito daga ofishin nan da nauyi a ƙirji, amma da wani irin sauƙi kuma. Ba wanda ya jefi 'yata, ba gado ba ne daga dangina ko na babanta da za a zauna ana nuna wa juna yatsa. Kuskure ne irin na Kawu.

Bayan ta yi jinyarta an sallame mu, aka mayar da mu wani ƙaramin asibiti a unguwar Television don karɓar allurar, ya fi mana kusa. Muka tsayar da Asabar ɗin farko ta kowane wata. Allurar fara ce mai kauri kamar koko, a mazaunai ake yinta, kuma a hankali ake tura ta. Ranar farko ihun da yarinyar ta yi sai da masu awo suka leƙo. Ta kama hannuna na hagu ta matse, farcenta ya shige min fata. Da muka fito tana ɗingishi tana shessheƙa, na saya mata kunun aya mai sanyi a bakin ƙofa. Ta sha ta ce bai kai nawa daɗi ba. Daga wata mai zuwa ni nake yin kunun a gida, da dabino da ɗan kwakwa, in zuba a gora in tafi da shi.

Haka abin ya zama mana al'ada. Ranar allura ba na buɗe shago sai rana ta ɗaga, kuma duk mai ɗinki a wurina ta san haka, ko amarya ce sai ta jira. Nas ɗin da take yi mata, Sista muke ce mata, gajeriya ce mai faɗa, amma hannunta da sauƙi. Takan ɗumama kwalbar a tafin hannunta tukuna tana yi wa 'yata tsiya, ta ce, "Oya, hajiyar raki, hau gado." 'Yata ta hau, ta miƙo hannu ba tare da ta duba ba, ni kuma in ba ta na hagu, don na dama da shi nake riƙe almakashi. In an gama mu zauna a benci a ƙarƙashin dalbejiya, ta karkace a gefe ɗaya tana shan kunu.

Zan faɗi abin da wata uwar za ta ji kunyar faɗa: na so ranakun nan. Ba zafin ba, Allah ya sani da ana karɓar wa mutum da na karɓar mata. Amma a bencin nan ne kaɗai nake samun 'yata ni kaɗai, babu ƙarar keken ɗinki, babu ƙannenta, babu mai zuwa karɓar kaya. A nan na ji wace malama ce ba ta so, wace ƙawa ce ta yi mata gulma, a nan ta fara tambayata abubuwan da 'ya mace take tambayar uwarta. Ta yi ƙiba, ta yi tsawo, ta shiga ƙungiyar mawaƙa a coci. Duk shekara mukan tsallaka gada a sake hoton zuciya, likita ya ce ƙofar tana nan yadda take, ba ta ƙaru ba. Ni wannan kalmar, ba ta ƙaru ba, ta fi min kowace waƙa daɗi.

Tana ajin ƙarshe na sakandare ta tayar da ƙayar baya. Asabar ta zo, na gama kunu na zuba a gora, na leƙa ɗaki na same ta kwance da waya a hannu.

Na ce, "Tashi mana, rana tana yi."

Ta ce, "Mama, ni na gama."

"Kin gama me?"

"Allurar. Lafiyata ƙalau, ina gudu ina rawa, ba abin da yake damuna. Tun ina ƙarama ake huda ni. Ya isa."

Na yi lallashi, ta yi kunnen uwar shegu. Na yi faɗa, kuma ni in na fara faɗa har layin baya ana ji. Babanta ya sa baki, ta juya masa baya. Da na matsa sai ta fashe da kuka ta ce, "Jikin da ya ci amanata, shi zan yi ta shan wahala dominsa? Kowa jikinsa kare shi yake yi, ni nawa cin kansa yake yi. Na tsane shi, Mama." Na san yadda ake ja wa yaro kunne, amma ban san me ake ce wa yarinyar da ta tsani jikinta ba.

Mako ya wuce ba ta je ba. Ga damina ta kankama, kuma kamar da gangan autana ya tashi da ciwon maƙogwaro. Shi kam ko awa ban ɓata ba na kai shi asibiti aka ba shi magani, don tun ciwon yayarsa ba a wasa da maƙogwaro a gidana. Amma ɗaki ɗaya suke zama, kofi ɗaya suke ɗauka in ban gani ba. In na dube ta tana cin abinci sai in ji kamar in ɗauke ta cak in kai ta, ga shi ta fi ni tsawo. Ɗinki ma ya gagare ni, sai da na farke hannun riga ɗaya sau biyu. A ƙarshe na kira yayana na gaya masa.

Ya zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, da tafiyarsa ta fareti. Na zata tsawa zai yi, har na fara nadamar kiransa. Sai ya ja kujera ya zauna a tsakar gida, ya ce a kira masa ita. Ta fito tana turo baki ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya ce, "An ce kin tsani mai gadinki."

Ta sunkuyar da kai. Labarin anko ta san shi, tun tana ƙarama nake ba ta shi a bencin asibiti.

Ya ce, "To ga shi zaune a gabanki, ni ne. Tambaye ni ko ƙin Goggo nake yi."

Ta ɗago kai ta dube shi.

Ya ce, "Ranar nan abin da yake raina ɗaya ne, kada a cuci ƙanwata a ranar aurenta. Na ga an shigo ta gabana an kwashe abincin mutanenta, jinina ya hau. Da na ga tsohuwar nan da shuɗin zane da jaka, wallahi da zuciya ɗaya na kore ta, ina ganin aikin kirki nake yi. Kuma in gaya miki, har yau in na hango shuɗiyar atamfa mai furen rawaya a kasuwa, sai na ji hannuna ya dunƙule. Na san kuskure na yi, amma jikina bai manta ba."

Sannan ya ce, "Wanda yake cikin jikinki irina ne, 'yata. Sonki yake yi. Wawa ne kawai, kuma ba ya mantuwa. Kada ki gwada shi, don in ya sake ganin matan nan a ƙofa, Goggo zai sake kora."

Ta sa dariya tana hawaye, ta ce, "Kawu, kai ne wawan?"

Ya ce, "Je ki tambayi Goggo."

Washegari da safe ta shirya da kanta. Kawu ya ce shi ma zai raka mu, ya shige gaba kamar mai jagorar bataliya. A ɗakin allura ya ce yau shi zai riƙe mata hannu. Da Sista ta zaro allurar ya ga tsawonta, sai sojan nan ya juya fuska bango yana karanta hoton masu juna biyu da aka liƙa a wurin. 'Yata ta miƙo hannu ta gefena, na ba ta na hagu. Sista kuwa ta wanke ta tas a kan makarar da ta yi, ban hana ta ba.

Daga nan ba ta sake tsallake wata ba. Ta yi karatunta a nan cikin gari, ta zama malamar firamare, kuma duk da ta girma Asabar ɗinmu tana nan, da gorar kunu da benci. Amma tsoro bai bar ni duka ba. Na san ni ce agogonta. Ni nake tuna mata tun ranar Alhamis, ni nake tashinta. Nakan tambayi kaina, ranar da ta bar gidana wa zai yi wannan?

Sai ga wani saurayi, mai gyaran wutar lantarki, ɗan cocinmu, dogo mai yawan kunya. Da magana ta yi ƙarfi ita da kanta ta gaya masa komai, ta kai shi wurin likita ya ji da kunnensa cewa in ta samu ciki sai an sa mata ido sosai tun daga farko. Yaron bai ja da baya ba. Aka sa rana. Ankon ni na zaɓa a wurin Hajiya, kore ne wannan karon, kuma na roƙe ta ta ɓoye ragowar sai bayan biki. Kawu ba a sa shi a ƙofa ba. Goggo, da ta tsufa tukuf sai da aka riƙo ta, ta ce Mai Gadi ne zai kawo mata abinci da hannunsa, ya kuwa kawo har da durƙusawa.

Suka tare a Television, ba nisa da asibitin. Asabar ɗin farko bayan biki ta matso. Ranar Alhamis na ɗauki waya zan kira ta, na ajiye. Ranar Juma'a na sake ɗauka na sake ajiyewa. Ba na so in zama surukar da take shiga gidan amarya tun lalle bai goge ba, kuma can cikin raina ina so in ga abin da za ta yi in ba ni. Amma da gari ya waye Asabar sai na tsinci kaina ina tace aya. Na zuba a gora, na hau keke napep na tafi, na zauna a bencinmu ina kallon ƙofa.

Mutane suna ta shiga suna fita, babu ita. Rana ta fara zafi. Na ce shi ke nan, daɗin amarci ya sa ta manta, ga damina a bakin ƙofa. Ina shirin tashi in je in buga musu ƙofa, kunya ko ba kunya, sai Sista ta leƙo ta gan ni. Ita ma yanzu furfura ta fito mata.

Ta ce, "Madam, wa kike jira?"

Na ce, "Mutuniyarki. Ba ta zo ba."

Ta ce, "Wa? Ai su suka buɗe mana asibiti yau. Ita da ogan nata, tun ban gama sa rigar aiki ba. An yi an gama." Ta juya za ta koma, sai ta tsaya. "Ta ma bar miki saƙo. Ta ce in Mama ta zo, don ta san sai kin zo, wai ki wuce da kunun gida. Wanda mijin ya saya mata a bakin ƙofa bai yi ba."

Na koma na zauna a bencin. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ke nan, ga shi ya ba ni, kuma na ji daɗi har cikin ƙashina. Amma sai da na yi kuka kaɗan, ina riƙe da gora a cinya.

Na share fuska na taka zuwa gidansu. Ita ta buɗe min ƙofa tana ɗan ɗingishi, ta karɓe gorar kafin ma ta gaishe ni, ta karkace a gefen kujera ta kafa kai. Mijin ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, yana ɓoye hannu ɗaya a baya. Na ce ya nuna min. Ya miƙo a kunyace, ga sawun farce a jere a bayan hannun, har ɗaya ya yi jini.

Ya ce, "Mama, haka take yi miki?"

Na ce, "Shekara da shekaru." Na duba hannun da kyau, na dama ne, wanda yake riƙe kayan aiki da shi. Na ce, "Wata mai zuwa ka ba ta na hagu."